Langar Amurkawa: Tarihin Rola Dabi da Dabarar Tsare Ruwa

  Yau shirin namu zai ɗan kauce hanya. Mun saba kawo muku tarihin sarauta da yaƙi da fatauci, yau kuwa maganar wasa ce, wasan ma na wata ƙasa mai nisa. Ku dai yi haƙuri ku biyo ni, kafin a tashi za mu dawo gida Sakaba.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya ina zaune a Dirin Daji, sai ɗan yayata ya miƙo mini waya yana dariya, ya ce, "Kawu, dubi wani hauka da Turawa ke yi." Na duba, sai ga mata sanye da hular kwano, ƙafafunsu cikin takalmi mai taya huɗu, suna zagaya wani fili mai siffar ƙwai. Wasu sun jeru kafaɗa da kafaɗa sun toshe hanya, wata guda mai tauraro a hula tana ta dukan jerin da kafaɗa tana neman kafa. Can sai wata 'yar uwarta ta zo ta gefe ta bangaje ɗaya daga cikin masu toshewar, mai tauraron ta sulale ta wuce, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Na sa ya maimaita mini har sau uku. Daga nan na ce masa, "Kai yaro, wannan ai langa ce." Ya dube ni ya ce, "Kawu, mece ce langa?"

Shekararsa goma sha shida. A nan aka haife shi, a nan ya tashi. Wallahi tambayar nan ta tsaya mini a rai, ita ta sa na zauna na bi tarihin wannan wasa da ake kira rola dabi, don in ga me ya haɗa shi da namu.

To bari in fara amsa wa yaron tukuna, don na san ba shi kaɗai ba ne. Langa wasan maza ne na dandali, galibi da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, in farin wata ya fito. Za ka lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya ka riƙe ta da hannu, ka dinga tsalle da ɗayar. Ana rabuwa gida biyu. Gidan da ke da wasa zai fitar da mutum guda, shi ne ruwa. Akwai wurin da aka ajiye, ko gindin bishiya ko jikin katanga ko wani turmi da aka kife, in ruwa ya isa can bai saki ƙafa ba, bai faɗi ba, to ruwa ya sha. Ɗaya gidan kuwa aikinsu su kashe ruwan kafin ya isa. Duk wanda aka ture ya faɗi, ko hannunsa ya saki ƙafa, ya mutu, sai ya koma gefe. Kowane gari da 'yan bambance-bambancensa, amma yadda muka yi a ƙauyenmu ke nan.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka ƙarfi ne kawai. Ina! Mu ba mu taɓa ba ƙato ruwa ba. Ƙato aikinsa gaba, shi zai je ya tari ƙattansu ya rage musu yawa. Ruwa sai mara nauyi mai haƙuri, wanda zai iya laɓewa bayan mutum biyu yana tsalle a wuri ɗaya har sai ya ga kafa. Akwai dabarar jira, don ƙafa ɗaya ba ta daɗewa, in kuka ƙi motsi sai cinyar masu tare hanya ta fara rawa, su matsu su kawo hari, jerinsu ya watse. Akwai dabarar yaudara, wani ya fizga da gudu ta dama kamar shi zai buɗe hanya, kowa ya bi shi, ruwa ya bi ta hagu. Akwai kuma wadda na fi tsana don an sha yi mini ita: mutum biyu su sa ka tsakiya, ba za su ture ka ba, za su hana ka zuwa taimakon ruwanku ne kawai, kana ji kana gani a kashe shi. Ku riƙe waɗannan dabaru uku, za ku sake jin su da wani suna.

Yanzu mu tafi Amurka, birnin Shikago, shekarar 1935. Lokacin ƙasar tana cikin karayar arzikin da ta faro a 1929, mutane ba aiki, ba abinci. Akwai wani mai shirya wasannin kallo, Leo Seltzer, wanda sana'arsa ita ce shirya gasar juriya, irin wadda ake tara mace da namiji su yi ta tafiya ko rawa kwana da kwanaki har sai kowa ya zube an bar biyu. Da kasuwar wannan ta fara sanyi, sai ya lura Amurkawa da yawa sun iya hawa takalmin taya tun suna yara. Ranar 13 ga Agusta 1935 ya buɗe gasa a babban zauren Chicago Coliseum. Ƙungiya 25, kowacce mace ɗaya namiji ɗaya. Za su yi ta zagaya dandamalin katako har sai sun cike nisan da ya kai kusan mil 3,000, wato kamar mutum ya ratsa Amurka daga wannan teku zuwa wancan. An kafa babbar taswira mai fitilu tana nuna garin da kowace ƙungiya ta "isa". Suna gudu fiye da awa goma a rana, suna kwana a kan gadaje a tsakiyar filin, jama'a na kallonsu. Gasar ta ɗauki fiye da wata guda.

Kun ga a nan babu tarewa, babu ruwa, tsere ne zalla. Kuma gaskiyar magana yawancin waɗanda suka shiga yunwa ce ta kai su, don akwai abinci da wurin kwana. Amma akwai abu guda da ya kafu tun ranar farko bai kuma tumɓuke ba: mata da maza doka ɗaya, fili ɗaya, maki ɗaya. A 1935 wannan ba ƙaramin abu ba ne ko a Amurka.

Seltzer ya ɗauki wasan yana yawo da shi gari-gari. A watan Maris 1937 motar da ta ɗauko 'yan wasa daga St. Louis za ta Cincinnati ta yi hatsari kusa da garin Salem a jihar Illinois. Taya ta fashe, motar ta daki gada ta kama wuta, kusan mutum ashirin suka rasu. Saboda tunawa da su aka daina ba kowane ɗan wasa lamba 1. Wannan hatsari ya kusa kashe wasan tun yana jariri.

A cikin wannan shekarar dai, a Miami, wani shahararren marubucin jarida, Damon Runyon, ya zo kallo. Ya lura da abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya sani: ba a ihu lokacin da kowa ke gudu lafiya, ana ihu ne lokacin da wani ya nemi wucewa wani ya sa masa kafaɗa. A da alƙalai hukunta wannan suke yi. Runyon ya ba Seltzer shawara ya mayar da turereniyar cikin doka. Aka raba 'yan wasa gida biyu, biyar-biyar, aka ce ana samun maki ne in ɗan gidanku ya zagayo ya wuce ɗan wancan gida. Ranar da aka yi wannan gyara, ranar tsere ya zama langa. Don da zarar ka ce mutum ɗaya ke kawo maki sauran su tsare shi, ka haifi ruwa, ko ka san sunan ko ba ka sani ba.

Sai talabijin ta shigo. Ranar 29 ga Nuwamba 1948 aka fara nuna wasan kai tsaye daga New York. Gidajen talabijin sababbi ne, suna neman abin cike lokaci mai arha, ga wasa a cikin ɗaki, fili ƙarami, kyamara ɗaya ta ishe shi. Nan da nan ya karɓu. Mata irin su Gerry Murray da Midge Brasuhn, wadda ake wa laƙabi da Toughie, suka zama sanannu a gidajen mutane. Amma an yi ta nuna shi babu hutu, sau da yawa a mako, rani da damina, har ya gundiri jama'a. Kafin tsakiyar shekarun 1950 kasuwa ta faɗi.

Ɗansa Jerry Seltzer ya karɓi ragama a ƙarshen shekarun 1950, ya mayar da cibiya yankin San Francisco. Dabararsa ita ce naɗar wasannin ƙungiyarsa, Bay Bombers, a kaset ɗin bidiyo, ya aika wa tashoshi fiye da ɗari, sannan ya bi garuruwan da aka kalla da 'yan wasan a mota su yi wasa a gaban jama'a. Zamanin Joan Weston ke nan, wadda kowa ke so, da Ann Calvello, wadda ke rina gashinta kala-kala ta ɗauki matsayin muguwa don a tsane ta a sayi tikiti. A watan Satumba 1972 mutum dubu hamsin da ɗoriya suka cika wani filin wasa a Shikago don kallon rola dabi.

A nan zan faɗi ra'ayina. Wannan zamani ya kawo kuɗi, amma shi ya ɓata sunan wasan. Faɗan ƙarya ya yi yawa, jan gashi, jifa da kujera, musamman a wata ƙungiyar hamayya ta Los Angeles da ta fi karkata ga wasan kwaikwayo. Jama'a suka daina yarda cewa makin da ke allo na gaske ne. Ku tuna yadda ake ji a gidan dambe in aka fara raɗe-raɗin cewa an sayar da wasa. Ko kisan gaske aka yi, wani zai ce shiri ne.

A ƙarshen 1973 Jerry Seltzer ya rufe harkar. Babban dalilin da ya bayar shi ne mai. A watan Oktoban shekarar ƙasashen Larabawa suka hana Amurka man fetur saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Wasan da ya dogara da yawo a mota, 'yan kallonsa kuma talakawa ne masu zuwa daga nesa, bai iya jurewa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tsadar man da ta kashe wasan a can ita ce ta cika baitulmalin Najeriya a zamanin Janar Gowon. Kuma a wannan shekara ta 1973 aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas, bikin da daga baya langa ta samu gurbi a cikinsa. Za mu dawo kan wannan.

Kusan shekara talatin wasan yana kwance. An yi ƙoƙarin tada shi a talabijin, har da wani shiri a 1999 da aka yi da takalmi mai tayoyi a jere, duk bai yi ƙarko ba, don dai tsohon salon kwaikwayon aka maimaita.

Abin da ya tada shi ya zo ta inda ba a zata ba. A 2001, a birnin Austin na jihar Texas, wani mutum ya tara mata ya ce zai shirya musu wasan kallo a kan takalmin taya, sai ya bar garin ya bar su. Matan suka ce tunda an taru, ba za a watse ba. Suka koya wa kansu, suka yi wasan farko a gaban jama'a a 2002. A 2003 suka rabu biyu, kashi ɗaya suka kafa Texas Rollergirls, kuma su ne suka yi abin da ya canza komai: suka bar dandamalin katako mai gangara, wanda ke cin kuɗi da wurin ajiya, suka koma daɓe. Igiya da salatif kawai, a shata fili a kowane zaure mai santsi, a yi wasa, a naɗe igiya a tafi. Daga 2004 ƙungiyoyin garuruwa suka fara haɗa kai, a 2005 suka ɗauki sunan da ake taƙaitawa WFTDA. Ƙa'idarsu ita ce 'yan wasa su ne masu ƙungiya, su ke zaɓen shugabanni, su ke jefa ƙuri'a kan doka. Babu attajiri guda da zai wayi gari ya ce ya rufe.

To ga yadda ake yinsa yau, ku saurara da kunnen ɗan langa. Wasa rabi biyu ne, minti 30 kowanne. A ciki ana yin gajerun karawa, bari in ara kalmar 'yan dambe in ce turmi. Turmi ba ya wuce minti biyu, tsakanin turmi da turmi daƙiƙa 30. Kowane gida mutum biyar: huɗu masu tarewa, ɗaya mai tauraro a hula, ita ce ruwa. Bambanci na farko da langarmu shi ne ruwa biyu ne a fili lokaci guda, don haka kowane gida yana kai hari yana kuma tsaro a numfashi ɗaya. Masu tarewa takwas suna gaba, ruwa biyu a bayansu. In aka busa usur, kowace ruwa za ta nemi ratsa gungun. Ratsawar farko ba maki. Sai ta zagayo ta sake iske su, sannan duk 'yar wancan gida da ta wuce maki ɗaya ne, huɗu ke nan a zagaye.

Ba a turi da hannu ko gwiwar hannu ko kai, ba a sa ƙafa, ba a dukan gadon baya. Kafaɗa da ƙugu da ƙirji su ne makamai, kamar dai ɗan langa da hannunsa ɗaya ke riƙe da ƙafa. Wadda ta karya doka za ta zauna a benci daƙiƙa 30, in ta tara laifi bakwai ta fita daga wasan gaba ɗaya.

Inda daɗin yake shi ne nan. Ruwan da ta fara ratsa gungun ba tare da laifi ba ita ce jagorar turmin, kuma tana da ikon tsayar da shi duk lokacin da ta ga dama, ta hanyar dafa ƙugunta da hannu biyu tana maimaitawa. Ku duba lissafin. Na riga ki fita da taku goma. Na zagayo na wuce mutanenki huɗu, kafin ki iso kan nawa na dafa ƙugu. Huɗu da babu. Ba a buƙatar in fi ki gudu sau biyu, in riga ki da daƙiƙa uku ya isa. Shi ya sa duk faɗan da ake yi a farkon turmi na neman wannan jagoranci ne. Gidan da ya rasa shi kuma yana da mafita guda: cikin masu tarewa akwai mai ratsi a hula, in ruwa ta maƙale tana iya cire tauraron ta miƙa mata hannu da hannu, mai ratsin ta zama ruwa. Ba za ta samu ikon tsayar da turmi ba, amma za ta tilasta wa jagorar ta tsayar da wuri. A langarmu ban taɓa ganin an canza ruwa ana tsakiyar wasa ba, kuma da mun san wannan da an rage kuka.

Sai dokar gungu, wadda ita ce ta haifi yawancin dabarun zamani. Gungu shi ne taro mafi yawa na masu tarewa, na gida biyun a haɗe, da ke tsakanin ƙafa goma da juna. Ba ki da ikon tare kowa in kin yi nisan fiye da ƙafa ashirin daga gungun. Ma'ana, abokan hamayyarki suna da hannu a kan inda za ki iya tsayawa. In ruwanmu tana tura katangarku gaba, mu kuma muka tsaya cak a baya, za a kai inda kuka fita daga iyaka, dole ku buɗe mata hanya ba tare da mun taɓa ku ba. Dabarar jira ke nan, ta dandalinmu, an sa mata ma'auni. Haka kuma mutum uku su kama 'yar wancan gida guda su riƙe ta a bayansu, don su zama su ne gungu, su ne masu iko da saurin tafiya. Wadda aka kama ɗin, a bakinsu, sunanta akuya. Na yi dariya da na ji wannan, don ni ne akuyar a dandalinmu ba sau ɗaya ba.

Ita ma katangar ta canza. A farkon shekarun 2000 gudu ake yi ana kai duka ɗaya mai ƙarfi. Daga baya aka gane duka in ya kuskure ya bar kafa, sai aka koma jeri: biyu su haɗa ƙugu suna kallon gaba, ta uku ta juyo tana fuskantarsu ta dafa su tana tokarewa, tana kuma faɗa musu ta inda ruwa ke zuwa, kamar duwatsun murhu uku. In suka fitar da ruwa waje da layi, doka ta ce sai ta dawo ta bayan wadda ta fitar da ita, don haka sai waccan ta ja da baya da sauri, ruwa ta bi ta, duk wahalar da ta sha ta tashi a banza.

Wannan wayo ya taɓa kai wasan bakin rami. Wajen 2010 zuwa 2012, lokacin ana busa usur biyu ne, na farko ya saki gungu, na biyu ya saki ruwa bayan gungun ya ƙetare layi. Sai ƙungiyoyin da ke kan gaba a maki suka gane in suka ƙi ƙetare layin, lokaci na tafiya. Har an yi turmin da ya ƙare cur ba a saki ruwa ba, mata goma na tsaye suna kallon juna, 'yan kallo na yi musu ihun tsiya. A zamanin Seltzer da mai gida ne zai daka tsawa. A nan kuwa 'yan wasan ne suka yi ta muhawara suka jefa ƙuri'a. A 2013 aka koma usur ɗaya, a 2014 aka rage zaman benci daga minti ɗaya zuwa daƙiƙa 30, don in ruwan gida ɗaya na benci ɗayar tana kwasar maki ba hamayya, minti guda yana iya kashe wasa.

Daga nan ya bazu. Landan ta kafa ƙungiya a 2006. An yi gasar duniya ta farko a Toronto ta Kanada a Disamba 2011 da ƙasashe 13, ta 2018 a Manchester ta tara ƙungiyoyi 38. A 2017 wata ƙungiya daga Melbourne ta Ostareliya ta zama ta farko daga wajen Amurka da ta ci kofin WFTDA. A nahiyarmu akwai shi a Afirka ta Kudu, an kuma kafa CaiRollers a Alƙahira a 2012.

To mu dawo gida. Langa ba maraya ba ce a takarda. Tun farkon shekarun 1990 akwai hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa, kuma wasanni biyar ta fi riƙewa: ayo, abula, kokawa, dambe da langa. An tsara langar kashi uku, ruwa da kawoshi da tureshi, ana kuma cin lambar zinariya da ita a Bikin Wasanni na Ƙasa. Amma ku dubi 'yan uwanta. Kokawa a Nijar tana da gasar takobi tun 1975 da aka fara a Tawa, ƙasa gaba ɗaya ke tsayawa a saurara. Dambe ya samu masu ɗora shi a YouTube, yanzu ana kallon 'yan damben Arewa a ƙasashen da ba su san inda Kabi take ba. A nan ƙasar Zuru kokawa tana da gindi a al'ada, bikin Uhola na riƙe da ita. Langa fa? Ba ta da makaɗi, ba ta da biki, ba ta da mai saka kuɗi. Abin da ya riƙe ta tun asali dandali ne da farin wata.

Dandalin kuwa kun san abin da ya same shi. Ba waya kaɗai ba ce, kada mu ɗora wa yara laifin da ba nasu ba. Wane uba ne a ƙauyukan Sakaba zai bar ɗansa a waje bayan isha'i a shekarun nan? Mu da muka ga watan Maris na 2022, lokacin da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a wannan yanki aka kashe fiye da sittin, Allah ya jiƙansu, mun san dalilin da ya sa ake rufe ƙofa da wuri. Ƙauyuka nawa suka tashi suka dawo gari? Yaron da ya girma a ɗakin haya ko a ajin makarantar da aka mayar masauki, a ina zai koyi laɓewa bayan ƙato? Wasan da ba a rubuta ba, tsara ɗaya in ta tsallake shi, ya tafi. Rola dabi ya yi shekara kusan talatin a kwance ya tashi saboda akwai kaset, akwai tsofaffin da suka yi, akwai takardar doka da za a gyara. Mu tsofaffin muna nan, sauran biyun ne babu a hannunmu.

Abin da na ɗauka daga matan Austin ba takalmin ba ne, don takalmin taya a turɓayarmu ko taku biyar ba zai yi ba. Igiyar nan ce da salatif. Sun rage wasan har ya zama abin da mutum ashirin za su iya shiryawa ba tare da jiran kowa ba. Langa ta riga ta fi haka arha, toka kaɗan ta ishe ka shata fili, kuma ba dole sai da dare ba. Filin makarantar firamare da la'asar ya wadatar.

Ranar Juma'ar da ta wuce na gwada. Na tara ɗan yayar nan tawa da abokansa goma sha ɗaya a bayan gida, na raba su shida-shida, na nuna musu riƙon ƙafa. Ni kaina tsalle huɗu na yi gwiwa ta ce mini a'a. Turmin farko duk suka ruga kan ruwa gaba ɗaya, aka zube a ƙasa ana dariya. A na uku, ban ce musu komai ba, sai na ga biyu sun sa wani dogo a tsakiya sun hana shi motsi, ƙaramin cikinsu ya bi ta gefen katanga ya sha. Dogon ya zo yana huci yana cewa an yi masa rinto, wai a faɗa masa dokar da ta yarda da haka. Na ce babu dokar da ta hana. Ya ce to a rubuta.

Don haka ga roƙona ga dattawan da ke saurare, daga Sakaba da Dirin Daji da Makuku har Zuru da Ribah da Mahuta: duk wanda ya yi langa a garinsu ya aiko mana yadda kuke yi. Mutum nawa a gida, ina ruwa ke sha, ana canza ƙafa ko ba a canzawa, wanda ya mutu yana dawowa in ruwa ya sha ko sai an sake sabon wasa. Ku rubuto a ƙarƙashin wannan rubutu ko ku aiko da murya. Yaran sun ce Juma'a mai zuwa za su dawo, kuma dogon ya ce da littafi zai zo. Sai mun ji daga gare ku.